Darasi: Mu Buɗe Littafin Shaida

 

Kun koyi baƙaƙe, kun koyi ƙirga. Yau za mu ga wani babban aiki da karatun nan zai yi muku. Aikin shi ne rubuta al'amari tun ranar da ya soma: cinikin gona ko fili, bashi, jingina, haya, ko kayan da aka saya suka fito da aibi.

Mutane da yawa suna da gaskiya, amma gaskiyarsu tana faɗuwa a gaban maigari ko alƙali. Me ya sa? An tambaye su rana, sun manta. An tambaye su kuɗi nawa, sun shiga kame-kame. An ce su kawo shaida, mai shaidar ya tafi cin rani ko ya riga mu gidan gaskiya.

Ku karanta sannu-sannu. Wanda ya gama kashi ɗaya ya tsaya, ya gaya wa na kusa da shi abin da ya gane.

1. Mu leƙa Harobanda

Birnin Yamai yana bakin kogin Isa. Ɓangaren da ke ƙetaren kogi shi ake kira Harobanda, wato bayan ruwa da Zabarmanci. Shi ne yanki na 5 cikin yankuna 5 na birnin. A nan Lamorde take, da Karaje, da Kirkisoye, da Sagiya. Daga nan hanya take miƙewa zuwa Say da Torodi.

A da, sai da jirgin ruwa ake ƙetarawa. Gonaki ne da makiyaya da ƙananan garuruwa. Kowa ya san gonar kowa, kuma dattawa sun san iyaka. A shekarar 1970 aka buɗe gadar Kennedy. Aka gina jami'a a wannan ɓangare. A 2011 aka buɗe gada ta biyu, a 2021 aka buɗe ta uku. Mutane suka yi ta ƙaura zuwa can. Gonar gero ta zama filin gini, ƙasa ta yi tsada. Mai saye baƙo, mai sayarwa bai san shi ba. Inda a da baki ya isa, yanzu sai an nuna takarda.

Ga kuma ruwa. A daminar 2012 kogi ya cika ya shiga gidaje. A 2020 ya fi haka: ruwa ya kai mita 7 a ma'aunin Yamai, ya ɓalle shingen Lamorde. Gidajen laka suka zube. Mutane suka fita da yara a kafaɗa. Takardar da aka bari a ƙasan akwati ko a ƙarƙashin tabarma, ruwa bai bar ta ba.

To, me ya haɗa mu da Harobanda, mu mutanen karkara? Abin da ya same ta yana tafe wurinmu. Duk garin da kwalta ta ratsa, ko kasuwarsa ta girma, ƙasarsa za ta yi daraja. In ƙasa ta yi daraja, gardama ba ta nisa. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

2. Labarin wata ɗalibarmu

Akwai wata baiwar Allah da na sani a wata cibiya ta Harobanda. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara. Tana noman salati da kabeji a bakin kogi, tana ƙetara gada ta sayar. Ta tara ɗan abin da ta tara, ta yi cinikin wani ɗan fili a hannun wani dattijo. Suka daidaita a kan jikka 300, za ta biya kaɗan-kaɗan.

A lokacin ba ta daɗe da soma karatu ba. Rubutunta a karkace yake. Duk da haka ta sayi kaye, ta ware shi don wannan ciniki kaɗai. Ranar da ta kai jikka 100, ta rubuta. Ranar da ta kai jikka 75, ta rubuta. Ranar da ta kai jikka 50, ta rubuta. Kowane karo tana tafiya da mutum biyu, ta rubuta sunansu. Dattijon kuma yana dangwala yatsa a ƙarshen layi.

Karo na huɗu, a wurin suna suka haɗu. Tana da jikka 25 a ɗaure a bakin zane, ta ja shi gefe ta ba shi. Kayen yana gida. Ta ce in ta koma za ta rubuta. Ta koma ta tarar da baƙi, maganar ta shige.

Da damina ta faɗi, Allah ya yi wa dattijon rasuwa. Bayan an yi sadakar arba'in, ƴaƴansa suka zo. Suka ce su jikka 100 kawai suka sani, don ita aka biya a gaban babbansu. Ko ta cika jikka 200, ko ta karɓi kuɗinta, domin ga wani mai saye ya taya da tsada.

Aka je gaban mai unguwa. Ta kwance leda ta fito da kayenta. Ta ce: "Ranka ya daɗe, ni zan karanta da kaina." Ta karanta layi uku, da rana, da kuɗi, da sunan shaidu. Aka kira shaidu, kowa ya ce haka aka yi. Ƴaƴan suka ga yatsan mahaifinsu, suka amince da jikka 225.

Saura jikka 25 ta wurin suna. Babu rubutu, babu wanda ya gani. Babban ɗan ya ce: "Inna, ba mu ce kin yi ƙarya ba. Amma akwai marayu cikin magada. Me za mu nuna musu?" Ba ta da amsa. Maimakon ta cika jikka 50, sai da ta cika 75. Sannan aka rubuta takardar sayarwa, kowa ya sa hannu.

Da ta dawo cibiya ta ce mini: "Malam, layi uku sun tsare mini fili. Layi ɗaya da ban rubuta ba ya ci mini jikka 25."

Ku lura, ƴaƴan nan ba macuta ba ne. Ba su sani ba ne kawai. Sau da yawa haka rigima take tashi, tsakanin mutanen kirki da mantuwa ko mutuwa ta shiga tsakaninsu.

3. Abu shida da za a rubuta

Ka sayi kaye ɗaya da alƙalamin bik. Kada ka yi amfani da fensir, don yana gogewa. Wannan kaye shi ne littafin shaidarka. Ba na koyon rubutu ba ne, kuma yara ba za su tafi da shi makaranta ba. Ka sa wa kowane shafi lamba: 1, 2, 3, har ƙarshe. Kowace matsala da nata shafi.

Duk lokacin da wani abu ya faru, ka amsa tambayoyi shida.

Na ɗaya, yaushe? Ka rubuta rana, da kwanan wata, da wata, da shekara. "Bayan ƙaramar Salla" bai isa ba, don Salla tana zagaya shekara. In watan Musulunci ka fi sani, ka rubuta shi, sannan ka duba na boko a wayar salula ka ƙara.

Na biyu, a ina? Zauren maigari ne, ko kanti, ko ofis, ko bakin gona?

Na uku, da wa? Ka rubuta sunan mutum da na mahaifinsa da garinsu. Masu suna ɗaya suna da yawa. In ma'aikaci ne, ka rubuta aikinsa.

Na huɗu, me aka yi, me aka ce? Ka taƙaita. Layi biyu ko uku sun isa.

Na biyar, nawa? Kuɗin da aka bayar, da wanda ya rage. In hatsi ne, buhu nawa, tiya nawa.

Na shida, wa ya gani? Mutum biyu aƙalla, masu hankali, waɗanda ba su da rabo cikin cinikin. Kada duka su zama tsofaffi tukuf. Ka haɗa da mai sauran ƙuruciya.

In an gama, ka karanta layin da ƙarfi kowa ya ji. Sannan wanda ya karɓi kuɗi ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Shaidu ma haka. Rubutunka kai kaɗai tuni ne gare ka. Sa hannun abokin ciniki da na shaidu su ne ke ba shi nauyi a gaban jama'a.

4. Ga misalin shafi

Inda muka sa Wane, kai sai ka sa sunan gaskiya.

Shafi na 4. Cinikin gona tsakanina da Wane ɗan Wane. Kuɗin gona: 300.000 F, jikka ɗari uku.

Litinin, 6 ga Janairu 2025. A zauren maigari. Na ba Wane 100.000 F, jikka ɗari. Saura 200.000 F. Shaidu: Wane da Wane. Ya dangwala yatsa.

Alhamis, 6 ga Fabrairu 2025. A gidan Wane. Na ba shi 75.000 F, jikka saba'in da biyar. Saura 125.000 F. Shaidu: Wane da Wance. Ya dangwala yatsa.

Asabar, 15 ga Maris 2025. A bakin gona. Mun zagaya iyaka da maƙwabta. Gabas, gonar Wane. Yamma, hanyar shanu. Kudu, ƙorama. Arewa, gonar Wane. Mun kafa turke huɗu.

Kun gani? Babu dogon zance. Wanda ya yi wata shida a cibiya zai iya wannan.

5. Hattara da dala da tamma

Nan mutane da yawa suke tuntuɓe. A kasuwa da dala muke ƙirga. A takarda da tamma ake rubutawa, ita ce ake sa wa alamar F. Dala ɗaya tamma 5 ce.

Dala ashirin ita ce 100 F. Dala ɗari ita ce 500 F. Jikka ɗaya ita ce 1.000 F.

In mutum ya ce "ɗari biyar" a kasuwa, 2.500 F yake nufi. In aka rubuta 500 a takarda, dala ɗari ce kawai. Dubi tazarar da ke tsakani! Saboda haka ka rubuta kuɗi sau biyu: da lambobi, ka sa F a baya, sannan da kalmomi. Lamba ana iya ƙara mata sifiri. Kalma tana da wuyar taɓawa.

6. Ƙa'idodin littafin shaida

Ka rubuta a ranar da abin ya faru, kafin ka kwanta. Gobe zance zai soma canza kama a kanka. Ku tuna da jikka 25.

Ka rubuta abin da idonka ya gani da abin da kunnenka ya ji. In wani ne ya ba ka labari, ka rubuta: "Wane ya gaya mini cewa..." Ji da gani ba ɗaya ba ne.

Kada ka sa zagi. Kada ka rubuta "ɓarawo" ko "macuci". Ka rubuta: "Ya ce zai kawo ranar Juma'a. Ranar Juma'a bai kawo ba." Wata rana alƙali zai iya karanta shafin nan. Zagi yana rage wa mai gaskiya daraja.

In ka yi kuskure, kada ka goge, kada ka kankare. Ka ja layi ɗaya a kai yadda za a iya karanta na farko, ka rubuta daidai a gefe. Kada ka yage shafi. Littafin da aka yage wa shafi, za a ce an ɓoye wani abu.

Ka rubuta har abin da bai yi maka daɗi ba. In kai ne ka makara da biya, ka rubuta. Wanda aka kama da ƙarya a layi ɗaya, ba za a yarda da sauran layukansa ba.

Ka rubuta da harshen da ka iya. A shekarar 2025 an ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. In Zabarmanci ko Fulatanci ka koya, ka rubuta da shi. In ajami ka fi ƙwarewa, shi ma rubutu ne.

Wani zai ce: "Ai ɗan'uwana ne, kunya nake ji in ce ya sa hannu." Wannan kunya ta raba zumunci da yawa. Malamai sun sani, aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Ka ce wa ɗan'uwanka: "Ba don ni da kai ba ne, don ƴaƴanmu ne."

7. Littafinka bai maye gurbin takardar hukuma ba

A nan a saurara da kyau. Littafin shaida yana nuna abin da ya gudana. Ba shi ne takardar mallaka ba. In ka sayi ƙasa, sai ka nemi takardar hukuma.

A karkara, akwai dokar da ake kira Code Rural, ta ranar 2 ga Maris 1993. Ita ta kawo hukumomin kula da ƙasa, waɗanda ake kira Kofo. Akwai Kofo ta gari, wadda maigari ke shugabanta. Akwai ta kwamin, akwai ta gunduma. A nan ake yin takardar sayar da gona, da ta kyauta, da ta aro, da ta haya, da ta jingina. Akwai kuma takardar shaidar gonar gado. Sunanta a kan takarda shi ne détention coutumière.

Aro da jingina su suka fi haifar da rigima. Kaka ya ba da aron gona don zumunci. Shekara talatin ta wuce. Jikan mai aro ya ce gadonsu ce, don tun da ya buɗe ido ita suke nomawa. In da an rubuta kalma ɗaya, "aro", da ba a kai ga sanda ba.

A birni, kamar Harobanda, in hukuma ta yanka filaye, ma'aikatar magajin gari tana ba da takarda mai suna acte de cession. A kanta akwai lambar rukunin filaye da alamar filin. Ka kwafe su cikin littafinka. Ka je ka ga filin da idonka, ka ga turakun siminti. Ka je ma'aikatar ka tambaya ko sunan da ke takardar shi ne ke cikin rajista. Ka yi wannan kafin ka ba da kuɗi, domin ana sayar da fili ɗaya ga mutum biyu.

Takardar da ta fi kowace ƙarfi ita ce titre foncier. A 2006 gwamnati ta sauƙaƙa hanyar samun ta, aka sa wa sabon tsarin suna Sheda. Kun ji, sunan ma da Hausa yake.

In gonar gado za ka saya, ka tambaya: magada nawa ne? Duk sun yarda, har da mata? Ka rubuta sunansu. Kuma kada ka sa hannu a takardar da ba ka san abin da ke ciki ba. In da Faransanci take, ka nemi wanda ka amince da shi ya fassara maka. Ka rubuta sunan wanda ya fassara. Farar takarda kuwa, wadda ba a rubuta komai a kai ba, ko wa ya miƙo maka ita, kada ka dangwala.

8. Kayan da aka saya

Ba ƙasa kaɗai ake rubutawa ba. Mai saye ma yana da haƙƙi. A 2015 Nijar ta yi dokar kare haƙƙin masu saye. Amma doka ba ta san ka sayi kaya ba, sai ka nuna.

In ka sayi abu mai tsada, ka ce a ba ka rasit, wato takardar shaidar biya. Ka duba: akwai sunan kanti, da kwanan wata, da sunan kaya, da kuɗi? In mai kanti ya ce "in ya lalace ka dawo da shi", ka ce ya rubuta har zuwa yaushe.

Injin ban ruwa yana da lamba a jikinsa. Ka kwafe ta. Wayar salula tana da lamba mai alƙaluma 15. In ka danna *#06# za ta fito. Ka kwafe ta, za ta yi maka amfani in an sace wayar.

In taki ne, ko iri, ko maganin ƙwari, ka duba ranar da zai daina aiki. Kada ka yar da buhu ko kwalin sai amfanin gona ya nuna. In iri bai tsiro ba, ka rubuta ranar shuka da ranar ruwa. Ka kira malamin gona ya gani tun gonar tana haka. Ka rage ɗan irin cikin ledarsa.

In kana da wutar lantarki ko famfo, ka adana takardun biya bi da bi, wata bayan wata. Ka riƙa kwafe lambar da ma'aunin ya nuna. In takarda ta zo da kuɗin da ba ka gane ba, kana da abin da za ka gwada.

In ka aika kuɗi ta waya ko ta gidan aika kuɗi, kada ka goge saƙon. Ka kwafe lambarsa cikin littafinka. Ƙananan rasit ɗin da na'ura ke fitarwa suna dushewa, bayan ƴan watanni sai ka ga farar takarda. Ka kwafe abin da ke kai tun yana fitowa.

In kaya sun lalace, kada ka kai wa mai gyara ya buɗe kafin ka koma wurin mai kanti. Za a ce kai ka ɓata.

9. Ina za a ajiye takardu?

Takarda tana da abokan gaba huɗu: ruwa, wuta, gara da ɓera.

Ka sa takardunka cikin leda mai kauri, ka ɗaure bakinta. Ka sa ledar cikin gwangwani mai murfi. Ka rataye shi sama, kusa da ƙofa, nesa da murhu. In ruwa ya zo da dare, ba ka da lokacin tonon akwati. Uwargida ta san wurin, babban ɗa ma ya sani.

Kowace takarda mai muhimmanci ka yi mata fotokofi. Ana kai kwafi ma'aikatar magajin gari ko ofishin ƴan sanda, a buga masa hatimi, a tabbatar daidai yake da na asali. Ka ajiye kwafi ɗaya a wani gida dabam, wurin ɗan'uwa da ke kan tudu ko a wani gari. In akwai waya mai ɗaukar hoto, ka ɗauki kowane shafi, ka aika wa wanda ka amince da shi.

Takardar asali ba a barin ta a hannun kowa. Ka nuna ta, ka ba da kwafi. In dole sai an karɓe ta a ofis, ka ce a ba ka takardar shaidar an karɓa.

In ruwa ya riga ya ci takardarka, kada ka zauna. Ofishin da ya ba ka ita yana da rajista. Wanda ya kwafe lambar takardarsa da ranar da aka yi ta, neman wata zai zo masa da sauƙi.

10. In matsala ta taso

Mataki na farko, ka je wurin mutumin da kansa, cikin ladabi, da shaida ɗaya. Ka gaya masa abin da kake so: gyara, ko canji, ko a mayar maka da kuɗinka. Ku sa rana. Ka rubuta.

Mataki na biyu, maigari ko mai unguwa, sannan sarki. A rigimar gona, doka ta ce a fara neman sulhu wurin sarakunan gargajiya kafin a je gaban alƙali. In an shirya, a rubuta takardar sulhu. In ba a shirya ba, a rubuta takardar rashin sulhu. Ka karɓi kwafinka. In cinikin kaya ne, akwai shugabannin kasuwa, akwai kuma ƙungiyoyin kare masu saye, irin su ADDC Wadata a Yamai.

Mataki na uku, gidan shari'a. Wanda bai san hanya ba, akwai hukumar ANAJJ, wadda aka kafa da dokar 2011. Aikinta wayar da kan jama'a game da shari'a kyauta, da taimaka wa marasa ƙarfi a gaban alƙali.

Duk ofishin da ka shiga, ka rubuta rana, da wanda ka gani, da abin da ya ce, da ranar da aka ce ka dawo. Duk kuɗin da ka biya, ka nemi rasit. Kafin ka tafi, ka karanta littafinka tun daga farko, don zancenka ya fito a jere. Kuma kada ka yi jinkiri. Wasu ƙararraki suna da wa'adi, in ya wuce an rufe ƙofa.

Tambayoyi

1. Me ya sa ƙasa ta yi tsada a Harobanda bayan 1970?
2. Me ya sa ɗalibarmu ta yi asarar jikka 25?
3. Ku faɗi abu shida da ake rubutawa.
4. In an yi kuskure a littafin shaida, yaya ake gyarawa?
5. A garinku, wa ke cikin Kofo? In ba ku sani ba, wa za ku tambaya?

Lissafi

1. Wani ya sayi injin ban ruwa 120.000 F. Ya biya 45.000 F, ya sake biyan 30.000 F. Nawa ya rage?
2. Dala ɗari uku, tamma nawa ke nan? Ku rubuta da lambobi.
3. An rubuta 7.500 F a rasit. Yaya za ku faɗe shi a kasuwa?

Aikin mako

Kowa ya zo da kaye sabo ranar karatu mai zuwa. A shafi na 1 ya rubuta sunansa, da na mahaifinsa, da garinsu. A shafi na 2 ya jera takardun da ke gidansa, har da takardun haihuwar yara. A shafi na 3 ya rubuta bashi ɗaya, wanda yake bi ko wanda ake bin sa. Mai koyarwa zai duba rubutu, ba zai faɗa wa kowa sirrin kowa ba.

Wanda ya iya, ya taimaki maƙwabcinsa da bai shigo cibiya ba tukuna. Ya rubuta masa, ya karanta masa, sannan ya jawo shi ajinmu. In kun gwada, ku rubuto wa jaridarku ku ba mu labari.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyashe mu da rigima. Sai fitowa ta gaba.